Bikin Girbi Cikin Ƙanƙara

Tun da na dawo daga Amurka ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo, "Hajiya, yaya Amurka?" Waccan ta shigo, "Hajiya, ina jaririyar da kika ce za ki zo da ita?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wadda ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a gidan suna na ji wata tana rantsuwa wai na je bikin masu bautar wuta har na taka rawa. Ni, da gwiwoyin nan nawa! Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tiryan-tiryan, kowa ya huta.

Autata Mariama ce ke aure a wani gari da ake kira Greensboro, inda 'yan Nijar suke da yawa. Ta yi haihuwar fari, 'ya mace, aka sa mata sunana, suna kiranta Ummi. Ni ya kamata in je in yi mata wankan jego, amma biza ta makara, har aka yi suna ina zaune a Damagaram ina cizon yatsa. Kullum Mariama ta kira ni da katin waya, magana ɗaya ce: Anti Roshan ta kawo abinci, Anti Roshan ta yi wa Ummi wanka, Anti Roshan ta ce kaza. Na ce wace ce kuma Anti Roshan? Ta ce maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwa Ba'indiya. Na ce nawa kuke biyanta? Ta ce ko sisi. Ni kuwa a sanina babu wanda ke hidima irin wannan haka kawai. Ga shi kuma Mariama ta ce da ta gama arba'in ba da jimawa ba za ta koma aiki, tsohuwar ce za ta riƙa riƙe yarinyar. A raina na gama yanke shawara: zan je, in yi wanka, in ɗauko takwarata in kawo ta gida. Tunda ma madarar kwalba za a ba ta, gara a ba ta a hannuna.

Da kar, wato babbar motar fasinja, na tafi Yamai. Wanda ya san hanyar nan ya san ba sai na faɗa ba, taya ta fashe mana kafin Dogon Dutsi, muka zube bakin titi muna kallon direba yana zagin yaransa. Wata mata da ke kusa da ni, da ta ji inda za ni, sai ta zaro wani ƙulli daga jaka ta ce don Allah in kai wa ɗanta. Na ce a wane gari yake? Ta ce, "Amurka mana." Na ce baiwar Allah, kwance shi in gani. Ta ji haushi, ta ce ba ki yarda da ni ba ke nan? Na ce ƙwarai kuwa, yau na fara ganinki. Ta kwance a gaban kowa, daddawa ce da yaji. Ban karɓa ba duk da haka, kuma har muka isa Yamai ba ta sake kallona ba.

Jirgi kam ba abin da zan ce sai sanyi da ƙuncin kujera. Abincin da suka kawo ban san kansa ba, na ci burodin na bar sauran, na cika da dabinon da na ƙulla a bakin mayafi. A filin jirgin Amurka ne aka yi ta. Ina tsaye a layi sai ga wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ɗan kare mai dogayen kunnuwa, karen ya zo ya zauna daidai jakata kamar an aiko shi. Aka kai ni gefe aka zazzage komai. Kilishin da na sa aka yi wa Mariama na musamman, suka ɗauke. Kuka da kuɓewa busasshiya suka jujjuya suka bari. Da suka zo kan kanwa kuwa sai fuskarsu ta canza, mutumin ya ɗaga dunƙule ɗaya da safar hannu yana kallona kamar ya kama babbar ɓarauniya. Ba na jin Turancinsu, shi ba ya jin Faransancina. Da na ga abin zai yi tsawo sai na ƙwace na lasa a gabansa, na nuna cikina, na yi alamar jariri. Aka samo wani mai jin Faransanci a waya, na yi masa bayanin kunun mai jego, sannan suka sake ni da kanwata. Kilishin nan har gobe karen nake zargi.

Mijin Mariama, Laminu, shi ya ɗauko ni. Yaro ne mai kunya, ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, ya lulluɓa mini wata rigar sanyi mai nauyin buhu. Gidansu a sama yake, ɗakuna a jere kamar na asibiti, bango na katako, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za ka dafa ruwan wanka. Mariama ta ce, "Inna, ai ruwan zafi daga famfo yake zuwa." Na taɓa na ji, na ce wannan ai ruwan alwala ne, na sa ta kawo babbar tukunya muka ɗora a kan gas.

Ban gama kwance kaya ba aka ƙwanƙwasa. Sai ga wata 'yar guntuwar tsohuwa, gashi fari fat, da farin kallabi da rigar sanyi har gwiwa, riƙe da kwano, ashe ita ce Anti Roshan ɗin. Ta haɗa hannu ta gaishe ni, ta ajiye kwanon, ta wuce kai tsaye ta ɗauki Ummi, ko izini babu. Abin da ya fi ƙona mini rai, yarinyar nan tun da na ɗauke ta take tsala ihu, amma tana jin hannun matar ta yi tsit. Na ce wa Mariama, "Kin gani ko?" Ta ce, "Me na gani, Inna? Sabo ne." Na ce to, Allah ya sa sabon ne. Abin da ke cikin kwanon wani abu ne mai danƙo da mai da kayan ƙamshi, wai su ma masu jegonsu shi suke ci, kuma wai su ma arba'in suke yi. Na ture shi gefe na dama kunun kanwa.

Ana nan, wata rana da la'asar na ce ɗakin mai jego ba ya zama ba ƙamshi, na samu gawayi na hura a kasko na zuba turaren wuta. Wayyo! Wani abu a rufin ɗaki ya fasa ƙara kamar ana yanka akuya. Ummi ta ɗauka, Mariama tana banɗaki, ni na rasa inda zan jefa kaskon. Sai ga matar nan a guje, ta buɗe tagogi, ta ɗauki tawul tana fifita abin har ya yi shiru. Ta sunkuya ta shaƙi hayaƙin, ta ce, "Luban!" Na ce ikon Allah, a ina ta san luban? Tana dariya ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta nuna mini nata kaskon, na ƙarfe mai ƙyalli da mariƙi, da yadda take sa ɗan gawayi kaɗan a bakin taga.

Ni kuwa da na shiga ba kaskon nake kallo ba. A bakin ƙofarta akwai zane-zane da farin gari a ƙasa. A kan wani ɗan tebur ga hoton wani mai gemu da haske a bayan kansa, a gabansa 'yar fitilar mai tana ci da rana tsaka. Na ce wannan ɓarnar mai ce, tsufa ya sa ta manta, na sunkuya zan hure. Matar nan ta cafke hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, fuskarta ba dariya ko kaɗan. Da ta ɗaga hannu kuma na hango wata farar igiya ɗaure a ƙugunta. Na fito na bar mata ɗakinta.

Ranar Juma'a wani dattijo ɗan Maraɗi, Malam Idi, wanda ya daɗe a garin yana tuƙin tasi, ya zo yi mini sannu da zuwa. Na kwashe duk abin da na gani na faɗa masa. Ya gyara hula ya ce, "Hajiya, ai waɗannan su ne Majusawa. Farsi ake ce musu. Asalinsu Iran, suka koma Indiya."

Na ce, "Malam, Maguzawa ka ce?"

Ya ce, "Majusawa. Amma na ji wasu malamai na cewa kalmar ɗaya ce, Allah shi ne masani."

Shi ke nan, ya gama da ni. Ni da na taso ina jin labarin ƙauyen kakata, inda ake buɗin daji, ana yanka a gindin tsamiya, ana shafa wa yara abu a goshi! Na baro Maguzawa a gida, ashe wasu na jirana a Amurka, har sun riga ni ga jikata. Malam Idi ya ce shi dai bai taɓa jin sun cuci kowa ba, yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi. Na ce Malam, wanda zai cuce ka ai ba ya zuwa da mummunar fuska.

Bayan ya tafi na kira Mariama da mijinta na faɗa musu a fili: in zan koma, da Ummi zan tafi. Mariama ta fashe da kuka. Ta ce, "Inna, lokacin da nake naƙuda Laminu yana wurin aiki, matar nan ce ta kai ni asibiti, ita ta riƙe hannuna. Ba ta taɓa yi mini maganar addini ba." Na ce ai ba a farawa da magana. Laminu ya sunkuyar da kai, ba zai iya yi mini musu ba, amma na ga idonsa ya yi ja. Gidan ya zama ba daɗi. Muna ci tare, muna sallah tare, amma Mariama in ta ɗauki yarinyar sai ta juya mini baya.

Muna cikin haka, wajen tsakiyar watan Fabrairu, matar nan ta fara wani irin girke-girke, ƙamshin albasa ya cika benen. Mariama ta ce mini cikin ɗari-ɗari, wai suna da biki, sunansa gahambar, kuma Anti Roshan ta gayyace mu duka har da Ummi. Na ce bikin me? Ta ce bikin girbi.

Na tashi na ɗaga labule. Ƙanƙara ta daskare a kan gilashin motoci, itatuwa tsirara ba ganye ko ɗaya, ciyawa ta mutu murus. Na ce, "Mariama, zo ki nuna mini abin da aka girbe." Na ce, "Ni 'yar manoma ce. A duniyar Allah babu inda ake bikin girbi ƙasa tana daskare. Ƙarya suka yi miki, wani abu ne daban, kuma don yarinyar nan aka shirya shi." Ta ce to kar mu je. Na ce a'a, zuwa kam za mu je, ina so ki gani da idonki. Muka yi sharaɗi a gaban Laminu: in na ga an nufi Ummi da wani abu, ko ɗigon ruwa ne, zan tafi da ita kuma ba wanda zai sake buɗe baki. Mariama ta ce, "In kuma ba ki gani ba fa?" Na ce sai mu ga abin da Allah zai yi.

A wani wuri ne bayan gari, Summerfield, inda gidaje ke nesa da juna, ga dawakai a cikin shinge sanye da barguna. Har dawakai suna da rigar sanyi, jama'a! Gidan wani likita ne. Motoci sun cika harabar, Laminu ya ce wasu daga garuruwa masu nisa suka tuƙo. Wani mai sanƙo da ƙyallen girki a ƙirji, idonsa na hawayen albasa, ya buɗe mana ƙofa. Na cire rigar sanyina da takalmina na miƙa masa, na wuce. Mariama ta dafe kai, ta ce, "Inna, shi ne fa mai gidan." Na ce to me ya kai likita yankan albasa? Ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce a gahambar babu babba babu ƙarami, kowa sai ya kawo wani abu kuma sai ya yi aiki. Na ce a raina, wannan ma wata dabara ce.

A babban falo sun shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. A kai ga wani babban kasko mai ƙafa da wuta a ciki, ga farantan 'ya'yan itace, da furanni, da madara, da wani abu kamar alkaki. Wani mutum cikin fararen kaya ya zauna a gaban wutar, ya ɗaure bakinsa da hancinsa da farin ƙyalle. Na ce wa Mariama, me yake ɓoyewa? Ta tambayo, aka ce don kada numfashinsa ya taɓa wutar ne, wai wuta a wurinsu abu ne mai tsarki, alamar hasken Ubangiji, ba a hura ta da baki. Sai a lokacin na gane abin da ya sa aka cafke mini hannu. Wai kuma mutumin shi ne limaminsu, amma ranakun aiki injiniya ne.

Mu da ba nasu ba aka ba mu kujeru a ɗakin cin abinci, inda muke hangen komai ta wata faffaɗar ƙofa: ni, Mariama, Laminu, da wata Baturiya matar ɗaya daga cikinsu. Na rungume Ummi a ƙirji na rufe ta da mayafi, ina karanta Ayatul Kursiyyu ba tsayawa. Mutumin ya yi ta karatu da wani harshe yana sa itace mai ƙamshi a wuta, maza da mata kai a rufe, har yara. Ina jira in ga an kawo abin yanka, ba a kawo ba. Ina jira a waiwayo wajenmu, ba wanda ya waiwayo. Da aka gama suka bi juna suna riƙe hannu bibbiyu suna gaisawa.

Sai aka ɗauko farantan 'ya'yan itacen nan da aka yi wa karatu, aka fara rabawa. Na ce yawwa, ga shi nan, an zo wurin. Na gyara zama. Tun a gida na sa Laminu ya koya mini yadda ake cewa a'a da Turanci, na yi ta maimaitawa a mota. Wata yarinya ta nufo mu da faranti, na buɗe baki ke nan, sai Roshan ta taso da sauri ta tare ta, ta juya ta ta mayar da ita falo. Ta shiga kicin ta kawo mana wasu lemu da ayaba daban a wani faranti.

Wallahi ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Na ce, "Mariama, me ke nan? Ƙazanta gare mu?"

Ta ce, "Inna, ba ke kika ce ba za ki ci ba?"

Na ce, "In ƙi ci da kaina daban, a hana ni daban!"

Baturiyar nan ta ga fuskata, ta yi murmushi ta ce wa Mariama ita ma shekara da shekaru ba a ba ta, wasu gidajen suna bayarwa, amma in Roshan na wuri ba a isa ba.

Abinci kuwa tare aka ci, a dogayen tebura, ba a ware kowa ba. Likitan da limamin su ke zuba wa mutane. Shinkafa ce ja-ja da wata miya mai kauri kamar ta wake da kabewa, da naman rago a ciki, suna ce mata dansak. Na ce naman fa? Laminu ya ce, "Hajiya, ni na sayo shi a wurin mahaucinmu, Anti Roshan ce ta aike ni saboda ku." Na dube shi da kyau, don yaron ya fara zama nasu. Na ɗanɗana kaɗan. To, ba zan yi ƙarya ba, sau biyu aka ƙara mini.

Da ciki ya ɗauka na ce Mariama ta tambayi likitan abin da ke cina: me aka girbe? Tana faɗa teburin ya kwashe da dariya, wani tsoho ɗan Iran ya buga tebur yana nuna ni, wai ga shi ko baƙuwa ta gane. Gardama ta kaure tsakaninsa da likitan, har matansu suka shiga. Da ƙyar Mariama ta tsinto mini bayanin. Wai bukukuwan nan shida ne a shekara, kowanne na godiya ne ga Mahalicci a kan abu guda: sama, ruwa, ƙasa, tsirrai, dabbobi, da mutane. Wannan na ƙasa ne, kuma asalinsa da kaka ake yinsa. Amma kakanninsu da suka yi hijira zuwa Indiya sun daina cike 'yan kwanakin da ke daidaita shekara, lissafin ya yi ta zamewa a hankali har girbi ya faɗo cikin sanyi, bikin tsakiyar sanyi kuma ya koma lokacin zafi. Na Iran suna cewa a gyara, su Roshan suna cewa yadda suka tarar haka za su bari. Na ce to ai mu ma azuminmu yana zagaya shekara, amma mu ba mu ce masa girbi ba. Likitan ya ce gaskiyata, kuma a cikinsu ma babu mai gona ko ta barkono. Ya ce, "Mama, mu kaɗan ne, kuma a warwatse muke. In ba don wannan cin abincin ba, 'ya'yanmu ba za su san fuskar juna ba. Kuma wanda ke gaba da wani, ana so ya shirya kafin ya zauna a teburin nan."

Bayanin ya shiga kunnena, amma bai amsa tambayata ba. Na miƙe da Ummi a hannu na ce Mariama ta biyo ni kicin. Roshan na can ita kaɗai tana kankare tukunya. Na ce, "Tambaye ta me take so da jikata." Mariama ta ce haba Inna. Na ce, "Tambaye ta. Ki ce na ce ko so take ta sa ta a addininsu. Kuma ki faɗa yadda na faɗa, kar ki sa masa zuma."

Mariama ta faɗa. Matar ta kashe famfo, ta goge hannu, ta dube ni ido cikin ido. Abin da ta ce, kamar yadda Mariama ta juya mini, shi ne: addininsu ba a shigarsa, haihuwar mutum ake yi a ciki, kuma a wurin irinsu sai uba ya zama nasu. Ko ni da kaina na kawo Ummi na roƙa, ba za su karɓa ba. Sannan ta ce tana da 'ya guda ɗaya tak, ta auri Ba'amurke, ta haifi ɗa namiji. Da yaron ya isa a ɗaura masa igiyar nan, ita da marigayi mijinta suka ce bai halatta ba. A wani gahambar kamar wannan yaron ya miƙa hannu zai ɗauki inabi daga farantin, ita da kanta ta janye. 'Yar ta ɗauki ɗanta a ranar, daga baya suka ƙaura can ƙarshen ƙasar. Duk biki tana kira, ba a ɗauka. Ta ce, "Ba abin da nake so da Ummi. Hannuwana ne ba su da abin riƙewa."

Mariama tana fassarawa tana hawaye. Ni ban yi kuka ba. Na ce, "Ki ce mata ba ta kyauta ba. Inabi guda!" Aka faɗa mata, ta gyaɗa kai. Na ce, "Ki tambaye ta, in yau aka dawo da yaron ya sake miƙa hannu fa?" Ta ce za ta sake janyewa.

Kun ji taurin kai! Amma maganar nan ita ce ta zauna mini. Da ta yi ta rantse-rantse tana cewa duk ɗaya muke, da ban yarda ba. Matar da ta hana jikanta na cikinta, ta rasa 'yarta a kan haka kuma ba ta sauya ba, ba ita za ta ɗura wa tawa wani abu a ɓoye ba.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida har muka wuce dawakan. Sai Mariama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Inna, in kika tafi da ita, ni ma haka hannuwana za su zama." Haushinta na ji, don ta san inda za ta taɓa ni.

Kwanaki na yi ina juya abin, na yi istihara, na sake kiran Malam Idi. A ƙarshe na tara su har da Roshan na kafa sharuɗɗa: ba a kai Ummi kusa da fitilar nan, ba a shafa mata komai a goshi, kuma duk abin da za a sa mata a baki Mariama ce za ta haɗa da bisimilla ta bayar. Matar ta amince da duka, sannan ta ce ita ma tana da nata: in daina tura hayaƙin turare a ɗakin da jaririya ke barci, kuma kanwar nan da nake ɗura wa Mariama ta yi yawa, har ta tambayi likita. Ashe duk zaman nan ita ma zargina take yi! Na ce Mariama ta ce mata na haifi bakwai da kanwar nan.

Ranar da zan taho da safe, kaya na mota, na tsaya a bakin bene na ga yadda take riƙe yarinyar a kafaɗa da hannu ɗaya tana neman makulli da ɗayan. Na ce wannan ba zai yiwu ba, za ta yar mini da ita. Na koma na buɗe jaka na ciro zanena mai kauri. Na sa ta sunkuya, na ɗora mata Ummi a baya, na nuna mata yadda ake kamawa ta sama a soke, a ja ta ƙasa a ɗaure. Ta gwada, ya kwance. Ta sake, ya karkace. A na uku ya ɗan zauna, ta miƙe a hankali hannuwanta biyu a sake, tana tsoron motsi, Ummi kuwa ta kwantar da kai a bayanta kamar can aka haife ta. Abin da na ji, kishi ne ko baƙin ciki ban sani ba, wataƙila duka.

Laminu ya ce za mu makara. Na shiga mota, na sauke gilashi, ina ɗaga murya da Hausa, "Ki ƙara jan na ƙasan! Na ƙasan!" Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta ɗaga mini hannu tana murmushi.

To ku masu tambaya ina jaririya, ga inda na baro ta: a bayan wata Bamajusiya, cikin zanena, da ɗaurin da har yau ban yarda da shi ba.